Yadda Ake Koyon Dunƙulallun Kalmomin Turanci na Lokaci Mai Zuwa

Na shafe shekaru ina koyar da Turanci a wani ajin dare na manya a unguwar Agege, inda yawancin ɗalibaina 'yan gwari ne daga kasuwar Mile 12, da mahauta daga Oko-Oba, da masu gadi da direbobi, kuma babu darasin da na maimaita kamar wannan. Mutum zai zo ya san kalmar "will" sarai, ya iya rubuta "I will come tomorrow" babu kuskure, amma da zarar mai sayen kayansa ta ce masa "I'll send my driver" a waya, sai ya ji kamar an haɗiye rabin maganar. Yana da gaskiya, domin an haɗiye wani abu, sai dai haɗiyewar tana da ƙa'ida, kuma Bahaushe ya riga ya san irinta a bakinsa. Kalmar "zan" asalinta "za ni" ce aka dunƙule, haka "zai" daga "za ya" ta fito, kuma babu wanda yake tsayawa ya warware su idan yana ciniki. Abin da Bature ya yi wa "I will" har ta koma "I'll" ke nan. Wanda ya riƙe wannan kamanni ya bi matakan da ke ƙasa yana ba su minti 20 a kowace rana, a iya abin da na gani a ajina, mako uku zuwa huɗu sun ishe shi.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ƙaramin littafin rubutu wanda ba a lissafin kasuwa a cikinsa, domin na ga ɗalibai da yawa sun haɗa darasi da lissafin bashi a littafi ɗaya, ranar da aka yaga shafin bashi sai darasin ya bi shi. Sai biro guda biyu, shuɗi da ja: shuɗin na cikakkiyar kalma, jan kuma na dunƙulalliya. Sai waya wadda take iya ɗaukar murya, ko da ƙarama ce mai madannai, domin a wannan aiki kunne ya fi ido muhimmanci. Sai kwali da za a yanka katuna tara masu girman tafin hannu, kuma kwalin sukari ko na taliya ya wadatar. Na ƙarshe shi ne abokin gwaji, wato wanda zai riƙa jefo maka tambaya kana amsawa.

Idan babu wayar da ke ɗaukar murya, abokin gwajin ya zama kunnenka, ka faɗa ya maimaita maka abin da ya ji. Idan babu abokin gwaji babba, ɗan makarantar sakandare na gidanku zai yi aikin, kuma yara sun fi manya rashin kara wajen gaya wa mutum cewa ya yi kuskure, wanda shi ne abin da ake nema. Game da rediyo, a zaɓi tashar da ake labarai da tattaunawa da daidaitaccen Turanci. Wazobia FM tasha ce mai farin jini a Legas, amma da Turancin Buroka take magana, kuma a mataki na 3 za a ga dalilin da ya sa ake ajiye Buroka gefe a lokacin wannan darasi.

Mataki na 1: Jera guda bakwai ɗin kusa da takwarorinsu na Hausa

Ka buɗe shafin farko ka raba shi gida uku. A gidan farko ka rubuta cikakkiyar siffa da shuɗi, a na biyu dunƙulalliya da ja, a na uku kuma ma'anarta da Hausa. "I will" tana komawa "I'll", wato zan. "You will" tana komawa "you'll", kuma ita kaɗai ce take ɗaukar za ka da za ki da za ku, domin Turanci ba ya bambanta namiji da mace ko ɗaya da jam'i a wannan wuri. "He will" tana komawa "he'll", zai. "She will" tana komawa "she'll", za ta. "It will" tana komawa "it'll", wadda ake amfani da ita ga abin da ba mutum ba, kamar mota ko ruwan sama ko farashi. "We will" tana komawa "we'll", za mu, sannan "they will" ta koma "they'll", za su. A kowacce haruffa biyu ne aka cire, w da i, aka sa ƙaramar alama a sama a gurbinsu. Bayan ka gama, ka kwafe su a katuna bakwai, Hausa a fuska ɗaya Turanci a ɗaya fuskar, ka ajiye sauran katuna biyu sai mataki na 4 da na 6.

A nan ne gargaɗi na farko yake. Wannan alama ta sama ita ce muke sawa a "sana'a" da "ma'ana" da "jama'a", inda take nuna alhamza, wato ɗan tsayawar nan da ake yi a maƙogwaro. Duk wanda ya iya karatun Hausa, idonsa na ganinta sai maƙogwaronsa ya tsaya, ya karanta "I'll" gaɓa biyu da yankewa a tsakani. A Turanci ba ta da sauti ko kaɗan, shaida ce kawai ta cewa an cire haruffa a wurin, kamar yadda ake sa dutse a gurbin wanda ya tashi daga layin ɗiban ruwa.

Mataki na 2: Horar da kunne da baki

Kada ka rubuta jimla ko ɗaya tukuna. Kwana uku na farko na furuci ne, kuma wanda ya tsallake su zai iya cin jarrabawa amma zai ci gaba da shan wahala a waya.

Sautin da ake nema shi ne l ɗin ƙarshen kalma, irin wanda ke cikin "cike fal" da "fari ƙal", sai dai a Turanci ya ɗan fi nauyi, kamar bayan harshe ya ɗaga kaɗan. Ka faɗi "fal" sau biyar, ka lura da inda kan harshenka yake tsayawa a bayan haƙoran sama, domin a nan ne duk guda bakwai ɗin suke ƙarewa. "I'll" tana fita kusa da "ayil" amma da sauri, ba tare da an ba wa i ɗin ƙarfi ba. "You'll" tana kusa da "yul", "he'll" da "hil", "she'll" da "shil", "we'll" da "wil", dukansu da ɗan jan wasali idan an faɗe su a hankali. "It'll" ce kaɗai take da gaɓa biyu a fili, kusa da "itil". "They'll" ta fi wuya saboda sautin farkonta babu shi a Hausa: ana sa kan harshe a gefen haƙoran sama a fitar da murya. Yawancin mutane a Legas da d suke furta shi, wasu 'yan Arewa kuma da z, kuma ko wanne ka yi za a gane ka, don haka kada wannan ya tsayar da kai. Abin da ba a yafewa shi ne zubar da l ɗin ƙarshe, domin shi ne yake ɗauke da ma'anar baki ɗaya.

Ga gwajin da nake yi a aji. Abokin gwajinka ya juya maka baya don kada ka ga bakinsa, ya riƙa faɗin ɗaya daga cikin jimloli biyu masu kama da juna, kai kuma ka fassara abin da ka ji. "They pay cash" na nufin suna biya da kuɗi hannu, al'adarsu ce, amma "They'll pay cash" na nufin za su biya da kuɗi hannu wannan karon. "We close at six" tana nufin kullum ƙarfe shida muke rufewa, "We'll close at six" kuma za mu rufe ƙarfe shida. Ya jefo goma a cakuɗe, sai ka ci takwas kafin ka wuce gaba. Daga nan ku yi musaya, kai ka faɗa shi ya fassara, ko ka ɗauki muryarka ka saurara washegari, lokacin da ka manta wacce ka yi niyyar faɗa. Mutane da yawa a nan suke gano cewa l ɗin da suke tsammanin suna furtawa bai taɓa fita daga bakinsu ba.

Ka kuma saba da jin bambancin "I'll" da "I'd". Ta biyun dunƙulen "I would" ce ko "I had", kuma "I'd pay" na nufin da zan biya, wato da sharaɗi a ƙarƙashi, alhali "I'll pay" alkawari ne kai tsaye. Ɗan kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun.

Mataki na 3: Gina jimla

Ƙa'idar gajeriya ce: bayan dunƙulalliyar kalma, aikatau, wato kalmar aiki irin su "come" da "pay", yana zuwa tsirara, babu "to" a gabansa, babu s ko ed a bayansa. Ana cewa "She'll come", za ta zo, kuma "She'll comes" da "She'll to come" da "She'll came" duk kuskure ne. Kuskuren s ɗin ya fi kama waɗanda suka yi makaranta, domin an dasa musu cewa "he" da "she" suna jan s, sun manta cewa "will" tana soke wannan doka. Idan "kasance" ce aikatau a jimlar Hausa, kamar "zan kasance a shago", Turanci yana buƙatar "be": "I'll be in the shop". Mutane suna yawan zubar da ita su ce "I'll in the shop", wanda ba jimla ba ce.

Yanzu ka rubuta jimloli goma daga ainihin aikinka na gobe, kada ka ari na littafi. Mai tumatir ya rubuta "The lorry will arrive at dawn, and we'll offload before seven", mai gadi ya rubuta "I'll lock the gate at ten", direba ya rubuta "We'll take Ikorodu Road". Jimlar da mutum zai buƙata da safe ta fi zama a kai.

Sai batun Buroka, wanda duk mazaunin Legas yake ji tun daga bakin kwandastan danfo har cikin kasuwa. A Buroka, "go" ce take aikin "za": "I go come" na nufin zan zo, "e go pay" na nufin zai biya. Harshe ne mai tsarinsa, kuma wanda ya iya shi ya samu sauƙi ɗaya, domin duk inda Buroka ta sa "go" kafin aikatau, a nan daidai Turancin makaranta yake sa "'ll". Matsalar tana zuwa ne idan an gauraya su, sai ka ji "I'll go pay you tomorrow" daga bakin wanda yake nufin zan biya ka gobe, alhali mai jin daidaitaccen Turanci zai ɗauka cewa sai an tafi wani wuri kafin a biya. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su rubuta jimla biyar da Buroka, su soke "go" da jan biro, su ɗora "'ll" a jikin wakilin sunan, wato "I" ko "he" ko "we" da 'yan'uwansu. Idan jimlar ta fito da "'ll" da "go" tare, su tambayi kansu ko akwai tafiya ta gaske a cikin maganar, kamar "I'll go to Oshodi". Idan babu tafiya, "go" ɗin ta fita.

Mataki na 4: Korewa, wato "won't"

Wannan ne matakin da ya fi cin kuɗin mutane, don haka zan daɗe a kansa. "Will not", ba za a yi ba, tana dunƙulewa ta koma "won't". Ba a cewa "willn't", kuma dalilin shi ne a tsohon Turanci akwai wata siffar kalmar mai wasalin o, "wol", ita ce ta bar gadonta a nan. Ka rubuta "won't" a kati na takwas, a bayansa ka rubuta "ba zan ... ba". Ita ɗaya ce ga kowa: "I won't", "she won't", "they won't", kuma aikatau yana bin ta tsirara kamar yadda aka gani a baya.

Haɗarin shi ne kamanninta da "want", wadda ke nufin so. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya shigo aji wata rana ransa a ɓace, ya ajiye wayarsa a kan benci ya ce, "Malam, saurari matar nan ka gaya mini ko ni ne ban ji daidai ba." Wata mai gidan abinci ce a Lekki ta turo masa saƙon murya, shi kuma ya ji "want" da "onions" da "tomorrow", ya ɗaure buhu biyu tun da asuba, ya biya kuɗin mota, ya sha cunkoso har can, aka ce masa ba a nema ba. Na kunna saƙon sau biyu a gaban aji. Abin da ta ce shi ne "I won't need onions tomorrow". Na ce masa, "Alhaji, cewa ta yi ba za ta buƙaci albasa gobe ba." Ya yi shiru yana kallon wayar, sannan ya ce a sake kunna masa, kuma a ranar ba mu yi wani darasi ba sai wannan.

Hanyoyi biyu ake bi a raba su. Ta farko ta kunne ce: "won't" tana tafiya da amo ɗaya da "don't", wasalinta dogo ne mai lanƙwasa kamar na "go" da "no", ana tattara leɓe a ƙarshensa, ita kuwa "want" wasalinta ba ya lanƙwasa, baki a buɗe yake. Ka faɗi "don't, won't, don't, won't" sau ashirin a jere, har bakinka ya ɗaure su wuri ɗaya. Ta biyu ta tsarin jimla ce, kuma ita ce ke ceton mutum idan layin waya ba shi da kyau: a daidaitaccen Turanci, "want" tana jan "to" ko sunan abu, kamar "I want to pay" ko "I want onions", amma "won't" tana jan aikatau kai tsaye, kamar "I won't pay". To a Buroka ana cewa "I wan pay" babu "to", da ma'anar ina so in biya, kuma wannan ne ya sa kunnen da ya saba da kasuwa yake jin "I won't pay" ya fahimci kishiyarta. Idan magana ta shafi kuɗi ko kaya kuma ka yi shakka, ka mayar da tambaya da cikakkiyar siffa, ka ce "You will not need them, madam?" Babu kunya a wannan, kuma ya fi ɗaukar buhu biyu zuwa Lekki sauƙi.

Akwai "shan't", dunƙulen "shall not", wadda za ka iya gani a tsofaffin littattafan Ingila. Ka gane ta idan ka gamu da ita, amma ba sai ka yi amfani da ita ba. Ita "shall" kanta ta fi rayuwa yanzu a tambayar tayi, kamar "Shall I wrap it?", in naɗe miki, da kuma a takardun doka da yarjejeniya.

Mataki na 5: Wuraren da ba a dunƙulewa

Da zarar ɗalibi ya ji daɗin "'ll" sai ya fara sa ta ko'ina, don haka sai an ja masa burki. Ba a ƙare jimla da ita: idan aka tambaye ka "Will you come?", amsar ita ce "Yes, I will", kuma "Yes, I'll" kuskure ne, domin ƙarshen jimla wurin nauyin murya ne, ita kuwa dunƙulalliya ba ta ɗaukar nauyi. Amma "No, I won't" daidai ce. Haka kuma a farkon tambaya "will" tana fitowa cikakkiya ta sha gaban wakilin suna, "Will they deliver today?", ko da yake "Won't you sit down?" tana halatta, kuma gayyata ce ta ladabi. Idan ana jayayya kana so ka jaddada, nan ma cikakkiyar ake ɗauka a danna ta da murya, "I will pay you", kamar yadda Bahaushe zai ce lalle zan biya ka. A ƙarshen magana kuma ana liƙa ɗan wutsiya na neman tabbaci, "You'll come, won't you?", wato za ka zo, ko ba haka ba.

Wuri mafi muhimmanci shi ne bayan "if" da "when" da "before" da "until" da "as soon as", idan suna nuna sharaɗi ko lokaci. Ana cewa "When I get to Oshodi, I'll call you", kuma "When I'll get to Oshodi" kuskure ne. Hausa za ta taimake ka a nan fiye da kowane littafin nahawu, domin mu ma cewa muke yi idan na isa Oshodi zan kira ka, ba mu sa "za" a ɓangaren farko. Har togaciyar ma iri ɗaya ce: muna cewa ban san lokacin da zai zo ba, da "zai" a ciki, Turanci ma yana cewa "I don't know when he'll come". Saboda haka gwajin mai sauƙi ne ga mai koyo, wato ka faɗi jimlar da Hausa a zuci, inda "za" ta fito ka sa "'ll", inda ba ta fito ba ka bar ta. Ban ce wannan gwaji ba ya taɓa kuskure ba, amma a jimlolin yau da kullum da wuya ya yaudare ka.

Mataki na 6: Dangin "going to"

Turanci yana da wata hanya ta nuna abin da ke tafe, kuma ita ma dunƙulewa take yi, sai dai abin da ake dunƙulewa a nan shi ne "am" da "is" da "are". Ana samun "I'm going to", "he's going to", "she's going to", "it's going to", "we're going to", "you're going to" da "they're going to", sannan aikatau ya biyo. Korewarta ita ce "I'm not going to", "she isn't going to", "they aren't going to". Ka rubuta "I'm going to" a kati na tara, a bayansa ka rubuta "na yi niyyar". Kuskuren da ya fi yawa shi ne zubar da ɗan guntun, a ce "I going to", ko kuma rubuta "am going to" babu "I", wanda ya cika saƙonnin waya a Najeriya har wasu suna tsammanin daidai ne.

Zaɓi tsakanin biyun ba shi da wuya kamar yadda ake zuzuta shi. Idan a take ka yanke shawara, ko kana alkawari, ko kana tayin taimako, ko kana faɗin zatonka, "'ll" ce: mai saye ta ce kayan sun yi mata nauyi, ka ce "I'll carry it". Idan niyya ce da ka riga ka ƙulla, "going to" ce, kamar "I'm going to open a second shop after Sallah". Haka idan alama tana gabanka, kamar hadarin watan Yuni ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen teku, sai ka ce "It's going to rain". Idan kuwa an riga an tsayar da rana an sayi tikiti, ana iya ɗaukar siffar "ing" kai tsaye, "I'm travelling to Kano on Friday". A wurare da yawa ko wacce ka ɗauka za a fahimce ka, don haka kada tsoron zaɓi ya ɗaure maka baki.

Za ka ji "gonna" a bakin matasa da a finafinan Amurka. Furucin "going to" ne cikin sauri, kuma tana aiki ne kawai idan aikatau ne ya biyo baya, kamar "I'm gonna wait". Ba a cewa "I'm gonna Ikeja", domin a can tafiya ce ta gaske zuwa wuri. Shawarata ita ce ka iya jin ta, amma kada ka rubuta ta ga wanda kake girmamawa.

Mataki na 7: Rubutu

A waya, alamar saman tana ɓoye a shafin lambobi da alamomi, kuma kasala tana sa mutane su tsallake ta. A wasu kalmomi tsallakewar tana haifar da wata kalma dabam: "I'll" babu alama ta zama "ill", mara lafiya, "we'll" ta zama "well", rijiya ko lafiya lau, "she'll" ta zama "shell", ɓawo, sannan "he'll" ta zama "hell", wato jahannama, kuma ba na jin akwai mai son tura wa maigidansa wannan. Ka duba saƙo kafin ka tura, domin wayar da kanta takan gyara kalma ta ɓata ta. Alamar tana zama daidai inda aka cire haruffa, saboda haka "won't" ce daidai, "wo'nt" kuskure ce, kuma ba a barin fili tsakanin wakilin suna da ita.

Sai sanin inda ya dace. A saƙon WhatsApp da wasiƙar abokantaka da maganar baki, dunƙulewa ita ce ɗabi'a, kuma wanda yake cewa "I will" a kowace jimla yana fita kamar mai fushi ko mai karanta sanarwa. A takardar neman aiki, da wasiƙa zuwa banki ko hukuma, da yarjejeniyar haya, cikakkiyar siffa ake rubutawa. Masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO su riƙe wannan sosai: a wasiƙar zumunci an yarda da dunƙulewa, a wasiƙar hukuma da muƙala kuwa a guje ta. Liƙa "'ll" a jikin suna, kamar "the driver'll come", ana jin sa a baki, amma a rubuce ka bar shi "the driver will come".

Mataki na 8: Fita da su kasuwa

A mako na ƙarshe ka ƙara guda uku da za ka ji kullum a wurin ciniki. "That'll be 5,000 naira" ita ce yadda ake faɗin jimillar kuɗi cikin ladabi, "There'll be traffic on Third Mainland Bridge" na nufin za a samu cunkoso a gadar, sannan "It'll take an hour" na nufin zai ɗauki awa guda. Ka ƙara da siffar "I'll be waiting at the station", zan kasance ina jira a tasha, wadda take da amfani ga wanda zai tari baƙo a tashar jirgin ƙasa ta Agege.

Kowace safiya ka zari kati uku daga cikin taran ba tare da ka duba ba, ka sa su a aljihu, ka ɗaura wa kanka cewa kafin magariba sai ka yi amfani da kowanne a magana ta gaske da mutum na gaske. Da dare ka rubuta jimlolin uku kamar yadda suka fita daga bakinka, har da kuskuren, ka gyara da jan biro a ƙasa. Katin da ya kwana a aljihu ba a yi amfani da shi ba, shi za ka fara zara washegari, kuma a ajina kusan kullum na "it'll" ne ko na "won't". Idan ya kwana uku a jere, ka koma mataki na 2 ko na 4 da shi kaɗai, ka sa abokin gwajinka ya juya baya ya sake jefo maka jimloli goma.